Baƙi Uku, Mudu Ɗaya

Tun da mai gidana ya rasu gidan ya yi mini girma. Ɗakuna ne a jere, kowanne ƙofarsa a rufe, sai nawa. Ɗana na tsakiya soja ne, inda aka tura shi nan yake, ba ya ma faɗa mini sunan wurin don kada hankalina ya tashi. Autana yana karatu a Sakkwato. Babbar kuwa tana Abuja tana aiki. In na share tsakar gida da safe, haka zan tarar da ita da la'asar, ba sawun kowa sai na kaji.

Babbar ita ce 'yar farina, shi ya sa ba zan rubuta sunanta a nan ba, kamar yadda bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taras ana yi, uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a jan shi da hira, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Dabai, nan kusa da garinmu Zuru, can ta yi wayo. In ta zo hutu, sai in ce wa ƙannenta, "Ku ce wa waccan ta zo ta ɗauki tuwonta." Tana zaune a gabana nake faɗa. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. In ta juya baya ina kallonta har ta shige ɗaki.

Da ta girma ta tafi, wayarmu ma haka ta zama. Ranar Juma'a take kira. Ina wuni, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, Allah ya yi albarka, amin. Kafin ruwan shayi ya tafasa mun gama. In na ajiye wayar sai in tuna abubuwan da na tara mata tun farkon mako, kazar da ta yi ƙyanƙyasa, katangar da ta tsage, mafarkin babanta da na yi. Sai in ce wata Juma'ar.

Wata rana a farkon damina waya ta yi ƙara ba ranar Juma'a ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka ko wani abu ya sami sojan.

Ta ce, "Inna, ba komai, kowa lafiya. Aiki zan ba ki."

Na ce, "Ni? Mi na iya ban da kiwon kaji?"

Ta yi dariya, ta yi mini bayani a hankali. Ashe duk shekarun nan ban san ainihin aikinta ba, na dai san na kwamfuta ne. Ta ce a ofishinsu ba sa ƙera komai, ba sa sayar da komai. Manhajoji suke ɗauka, wato abubuwan nan da ake sawa a waya su yi wa mutum aiki, su tattaro waɗanda aikinsu iri ɗaya ne, su gwada su gefe da gefe, sannan su rubuta wa jama'a abin da suka gani. A wannan karon suna gwada masu sauraron Hausa ne, mutum ya yi magana su mayar da ita rubutu. Ta ce sun gwada a ofis, amma duk matasa ne masu Hausar rediyo, da manyan wayoyi, da sabis mai ƙarfi. In suka tsaya nan, abin da za su rubuta gaskiya ne ga mutanen ofis kawai. Suna neman manya, masu Hausar wasu wuraren, a garuruwan da sabis ke zuwa yana tafiya.

Na ce mata karatuna na yaƙi da jahilci ne. Sai da na yaye auta na shiga aji, da yatsa nake bin layi har yau.

Ta ce, "Irinki muke nema, Inna."

Ban taɓa jin ta ce tana neman irina ba. Na ce to, zan gwada.

Direban motar Kontagora ne ya kawo wayar, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ƙaramar waya ce mai shafawa, irin wadda talaka ke iya saya, ta ce da gangan suka zaɓe ta. A fuskarta akwai alamu uku, kore da ja da fara, babu suna a jikin ko ɗaya. Na tambaye ta dalili.

"Don kada suna ya ruɗe ki. In aka ce miki tuwon nan daga gidan wance ya fito, ai kafin ki kai loma kin gama yanke hukunci."

Sannan ta shimfiɗa mini dokoki. Wuri ɗaya zan riƙa zama. Lokaci ɗaya. Za ta turo mini jimloli kullum, in faɗa wa kowace manhaja su ba ƙari ba ragi, in duba abin da ta rubuta, in danna wurin turawa, muryata da rubutun su je mata tare. Kuma kada in riƙa farawa da guda kullum. Yau kore, gobe ja, jibi fara, domin bakin mutum a karon farko daban yake da karo na uku.

Na ce, "Wato mudu ɗaya za a auna musu."

Lokacin da nake sayar da dawa a kasuwa na san masu mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ta ce to shi ke nan, na gane aikin gaba ɗaya, sauran bayani ne kawai.

Wurin da na zaɓa gindin darbejiya ne a bayan gida, kusa da rumbu, don nan ne sabis ke tsayawa. Lokacin kuma bayan sallar la'asar, kafin inuwar bishiyar ta kai bakin rumbun. In shimfiɗa tabarma, in sa tabarau, in karanta jimlolin ranar har su zauna mini a baki. Jimloli ne na yau da kullum. A sayo mini gishiri da manja. Yaron yana da zazzaɓi tun jiya. Motar Mahuta ba ta taso ba tukuna. In faɗa wa kore, in faɗa wa ja, in faɗa wa fara, in tura. Ba a jimawa sai waya ta yi ƙara.

Kullum take kira. Wannan shi ne abin da ban shirya masa ba. Tambayoyin aiki take yi, wace ce ta daɗe tana juyi kafin ta rubuta, wace ce ta mutu a tsakiya, ina na rasa wurin dannawa. Amma tambayar aiki ba ta tsayawa ita kaɗai. In na ce ja ta tsaya saboda hadari ya taso, sai ta ce an yi ruwa ne? In ce an yi, har katangar baya ta ƙara tsagewa. Ta ce wace katanga? Haka har na ba ta labarin katangar, da na kazar, wata rana ma da mafarkin babanta. Kunyar ba ta hana ni ba, domin ba hira nake yi da 'yar fari ba, aiki nake yi. Haka na riƙa faɗa wa kaina.

Maƙwabciyata 'yar Ibo ce mai shagon kayan masarufi, zamanta a nan Zuru ya ɗan fi shekarun aurena, wurinta nake kai caji in babu wuta. Madam muke ce mata. Ta leƙo ta katanga wata la'asar ta gan ni ina faɗa wa waya a sayo gishiri da manja har sau uku.

Ta ce, "Mama, gishiri yana shagona, manja yana shagona. Kin yi sabon miji a waya ne kike aiken shi?"

Na ce, "Miji uku na yi, Madam, ba mai ji a cikinsu."

Ta yi dariya har ta dafa katanga. Da na yi mata bayani sai ta yi tsaki a hankali, ta ce nata 'ya'yan ma suna can kudu, sai sun so aika kaya suke tuna lambarta. Ta ce, "Ki riƙe aikin nan da kyau, Mama. Kada ki gama da wuri."

Kuskurena na farko ƙarami ne. Duk sanda ta tambaye ni wace ce ta fi, sai in ce duk suna da kyau, kowa ya yi ƙoƙari. A wurinmu ba a kushe abin da wani ya wahala ya yi. Ko miya ta yi gishiri, sannu da aiki ake cewa. Ta haƙura da ni kwanaki, rannan ta ce, "Inna, ba surukanki ba ne fa. Ba za su ji haushi ba. Ki faɗa mini abin da kika gani."

Na koyi faɗa. Kore tana jin maganata sosai amma tana shan data kamar rairayi da ruwa. Ja tana da sauri, sai dai in sabis ya yi rauni ta daskare, ta bar jimla a rabi. Fara kuwa baiwar Allah ce. Ta daɗe tana juyi, in ta gama ta kawo abin da ko mahaukaci ba zai faɗa ba. Hausarmu ta nan ba irin ta rediyo ba ce, muna cewa mi, muna cewa wanga, muna da namu karin harshe, ga kuma abin da muka ɗauka a bakin Dakarkari maƙwabtanmu. Fara ba ta san da zamanmu ba sam.

A nan na yi babban kuskuren. Tausayinta na ji. Na tuna ranakuna na farko a ajin yaƙi da jahilci, yadda kowa ke wuce ni ina fama da baƙi ɗaya, da yadda malamarmu ke tsayawa a kaina tana maimaitawa a hankali. Kuma ai ko baƙo ne ya sauka a gidanka ba ya jin harshenka sosai, kai ne za ka sassauta masa. Don haka in na zo kan fara sai in gyara zama, in ja numfashi, in yi mata magana dalla-dalla da Hausar masu karanta labarai. Ta kuwa fara kamawa. Na ji daɗi kamar yaro ya fara tafiya a hannuna. Ban ɗauka laifi ba ne, shi ya sa ban ma faɗa ba.

Bayan kwanaki ta kira, muryarta wani iri, kamar tana danne dariya.

"Inna, wa ya koya miki Kananci?"

Na ce wane Kananci?

"Na zauna na saurari muryoyin. Da kore da ja, Innata ce ke magana. Da fara kuwa, wata mata ce daga gidan rediyo. Har da 'mene ne' kike ce mata."

Na ce, "To ba ta ji ne, 'yar nan. In ƙyale ta ta yi ta kunyata?"

Ta daina dariya. Ta ce in na taimake ta, su za su rubuta cewa fara tana jin mutanen Kabi. Wata tsohuwa a Mahuta ko Sakaba za ta sa a saka mata ita, ta yi mata magana yadda ta saba, abin ya ƙi ji. Ba za ta ce manhajar ce ba ta da kyau ba, za ta ce bakinta ne bai iya ba, ta ajiye wayar, ba za ta sake gwadawa ba. Ta ce su masu manhajar ma ba gata na yi musu ba, in ba a nuna musu inda suka gaza ba, ba za su gyara ba.

Na ga tsohuwar nan a idona kamar na san ta. Na ce Allah ya ba ku haƙuri. Ta ce aikin kwanakin nan duka za a zubar, a sake daga farko.

Na ji kunya ƙwarai. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya yi tsalle a ƙirjina, domin sakewa na nufin ƙarin kwanaki, ƙarin la'asar da waya za ta yi ƙara. Maganar Madam ta dawo mini. Na san hanyoyin da zan bi in ja aikin ya kai kaka, in sauya wuri yau, in manta jimla gobe. Na juya abin a raina ina tankaɗe gari. Sai na ga ba zan iya ba. Yarinyar nan ta ba ni mudu ta ce in riƙe mata, kuma a lokacin ne ta ba ni labarin da ya ƙara ɗaure ni. Wai ɗaya daga kamfanonin da ke yin manhajojin ya aiko wa ofishinsu kaya niƙi-niƙi na kyauta, suka mayar masa ba su buɗe ba. Na ce, "Kun mayar da kyauta? Ba ku ji kunya ba?" Ta ce sun ji, amma wanda ya ci na mutum, idonsa ba ya iya ganin aibinsa. Ina jin ta ina mamakin inda ta samo wannan taurin. Daga baya na tuna kakarta.

Na sake aikin yadda ya kamata. Na riƙa yi wa fara magana da bakina na gado, tana kawo shirme, ina turawa, zuciyata na ɗan sosuwa. Gero ya yi tsawo a gonakin bayan gari, duwatsu suka yi kore shar. Sai rannan ta ce gobe ne ƙarshe.

Ta ce, "Gobe ba zan turo jimla ba. Muna son mu ga yadda za su yi da maganar da mutum ya ƙago da kansa. Ki faɗi duk abin da za ki so ki aika wa wani da gaske. Amma dokar tana nan, abin da kika faɗa wa ɗaya shi za ki faɗa wa sauran."

Na ce to.

Washegari tun safe na rasa sukuni. Na yi niyyar in ce a sayo mini sabulu, in huta. Na share tsakar gida sau biyu. Na buɗe ɗakin da take sauka in ta zo, na kakkaɓe katifa ba dalili, na rufe. Aka yi yayyafi da azahar ya ɗauke. Da na idar da la'asar na ɗauki tabarma na tafi gindin darbejiya, ƙasa da sanyi, ganye na ɗigo.

A ranar, da ja zan fara. Na danna, na ji bakina ya ce:

"Gidan ya yi shiru da yawa. Na saba da muryarki da la'asar. In aikin ya ƙare, kada ki daina kira."

Da sauri na faɗa, kamar mai haɗiye maɗaci. Na zauna ina kallon wayar, kunnuwana sun yi zafi kamar wani ya ji ni. Da so samu ne da na tsaya nan, ko in goge. Amma saura biyu, kuma mudu ɗaya ne. Na danna fara. A nan muryata ta yi rawa, na so in tsaya in gyara, sai na tuna ba a gyara wa kowa. Na kai ƙarshe. Da na zo kan kore abin ya riga ya zauna, na faɗe shi a fili, a hankali, yadda ake faɗa wa mutumin da ke zaune a gabanka. Na tura duka ukun.

Waya ba ta yi ƙara ba. Inuwa ta kai bakin rumbu ta haye shi. Na watsa wa kaji tsaba, na kaɗa su akurki, na dawo na duba ko caji ne ya ƙare. Aka kira magariba. Na ce a raina na zubar da girmana, uwa ba ta roƙon 'yar fari. Tuwon da na tuƙa ranar Madam na miƙa wa ta katanga.

Sai washegari da la'asar ta kira. Da muryar aiki ta fara. Ta ce kore ta rubuta duka daidai, ja ta yar da ƙarshen, fara kuwa sai addu'a. Ta yi mini godiya a madadin ofishinsu. Ta ce wayar ta ofis ce, direban nan zai biyo ya karɓa. Na ce to, Allah ya sa an dace. Ina jin ƙarar motoci ta wajenta.

Ta ce, "Inna."

Na ce, "Na'am."

"Na ji. Sau uku na ji. Jiya na kasa kira ne, ina ofis, mutane na kallona."

Na ce, "To."

Ban san abin da ake ƙarawa ba, ita ma ba ta sani ba. Can ta ce, "Mi kika dafa yau?" Da mi ta faɗa, irin namu, wanda na ɗauka Abuja ta wanke mata shi tuntuni. Na ce miyar kuka ce, da ɗan busasshen kifi. Ta ce da daddawar Dabai? Na ce da ita.

Da rubutun nasu ya fito ta karanta mini ta waya. Ba su naɗa kowa sarauta ba. Sun faɗi abin da kowace ta iya da inda ta gaza, da irin wayar da aka yi gwajin da ita, da irin mutanen da suka yi maganar. A ciki akwai layin da ya ce har da wata dattijuwa daga kudancin Kabi. Na sa ta maimaita mini wurin.

Direba ya zo ya karɓi wayar, na naɗe ta cikin ɗankwalin da ta zo da shi, na haɗa da ƙullin daddawa. Na koma wa tsohuwar wayata mai dannawa. Ba zan ce kullum take kira ba, ƙarya ne. Aiki ya ja ta wani wajen, yanzu wai manhajojin aika kuɗi suke aunawa, kuma ba su buƙatar tsohuwa. Juma'a tana nan, ta ƙara tsawo. Wani lokaci kuma sai ta kira a tsakiyar mako ba da wani dalili ba, ta tambayi katanga, ta tambayi Madam. Wani makon ba ta samun hali. Har yanzu ban kira sunanta ba, ita ma ba ta nema ba.

Ni dai in na idar da la'asar ina ɗaukar tabarma in tafi gindin darbejiya, don nan ne sabis ke tsayawa. Shekaranjiya ta kira. Jiya ba ta kira ba. Yau ma shiru tukuna, amma inuwar ba ta kai bakin rumbu ba.